Yadda Za Ka Zaga Toledo da Ƙafa, Daga Gadar Alcántara Zuwa Ƙetaren Kogi

Toledo gari ne da aka ɗora a kan dutse. Kogin Tajo ya naɗe shi ta gefe uku, ya bar masa mashiga ta arewa kaɗai. Yana kudu da Madrid, babban birnin Sifaniya, da tazarar kimanin kilomita 70. Rumawa sun zauna a cikinsa, sarakunan Bisigot, mutanen da suka mulki ƙasar bayan Rumawa, sun mai da shi fadarsu, Musulmi sun karɓe shi a 711 suka riƙa kiran sa Ɗulaiɗila, sannan Sarki Alfonso na Shida ya ci shi a 1085. Ya ci gaba da zama cikin manyan mazaunan sarauta har 1561, lokacin da Sarki Felipe na Biyu ya kafa fadarsa a Madrid. Wannan ƙaura ta rage wa garin arziki, amma ita ce ta tsare masa kamanninsa, don ba a samu mai kuɗi ko dalilin rushe tsofaffin unguwanni a faɗaɗa tituna ba. A 1986 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Mota ba ta da amfani a cikin ganuwar. Ƙafa ce kawai, kuma ƙafa tana da iyaka. Saboda haka wannan jagora ta ginu a kan abu biyu: ka hau tudun da safe tun kana da ƙarfi, ka bar wunin ya riƙa gangarowa da kai, sannan duk inda ka bi, ka riƙa kallon bango. Sarakunan Toledo sun sauya sau da yawa, amma maginanta sun zauna, kuma aikinsu ne zai ba ka labarin garin fiye da kowane allon bayani.

Kafin ka bar Madrid

Jirgin ƙasa mai sauri yana tashi daga tashar Atocha, ya kai ka Toledo cikin 'yan mintoci sama da 30. Ka sayi tikitin zuwa da na dawowa tun kwana ɗaya ko biyu kafin tafiyar, domin kujerun safe da na yamma suna ƙarewa, musamman a ƙarshen mako. Ana bincika jaka da na'ura kafin a shiga, don haka ka isa tashar da ɗan sauran lokaci. In jirgi ya cika, akwai bas daga tashar Plaza Elíptica, tafiyar kamar awa ɗaya, kuma ya fi araha.

Zaɓin rana yana da muhimmanci. Gidajen tarihi na gwamnati da dama suna rufe ranar Litinin. Ranar Lahadi kuma babban cocin garin ba ya karɓar masu yawon buɗe ido sai da rana, wasu wuraren kuma da wuri suke rufewa. Talata zuwa Alhamis sun fi sakewa. A Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 35, wani lokaci ya taɓa 40, kuma duwatsun titi suna riƙe shi har dare. Kada ka ce ai ka saba da zafin gida. Tafiya a hawa da rana tsaka daban take. Afrilu, Mayu, ƙarshen Satumba da Oktoba su ne mafi daɗi. A Disamba da Janairu kuwa sanyin safiya yakan kusa daskarar da ruwa, sai da rigar sanyi mai kauri.

Takalmi shi ne rabin tafiyar. Titunan an shimfiɗa su da ƙananan duwatsu masu santsi, ba su daidaita ba, kuma in aka yi ruwa suna zamewa. Ka sa takalmi mai rufi da ƙasan roba wanda ƙafarka ta saba da shi. Silifa da sabon takalmin fata za su wahalar da kai kafin azahar. Ka riƙe gorar ruwa; ruwan famfo ana shan sa. Ka sauke taswirar garin a wayarka, amma ka sani cewa a cikin lunguna masu dogayen bango alamar wayar takan yi tsalle ta nuna kana wani titin daban. Sunayen tituna da ke liƙe a kusurwar gidaje sun fi gaskiya. Akwati mai taya kuma ka bar shi a Madrid.

Mataki na farko: shiga ta gada

Tashar jirgin Toledo kanta abin kallo ce. An buɗe ta a 1919, an gina ta da jan bulo da tayil da hasumiyar agogo, a kwaikwayi salon tsohon garin. Ka ba ta minti biyar. Daga nan akwai bas da ke hawa kai tsaye zuwa dandalin Zocodover, akwai kuma matattakalar lantarki ta Safont a ƙetaren kogi, kusa da tashar bas, wadda ke ɗaga mutum kyauta har kusa da dandalin. Mai ciwon gwiwa ko mai tafiya da dattijo ya bi ta nan, babu abin kunya a ciki.

Amma in ƙafarka lafiya, ka fita tashar ka yi dama, ka bi titin Paseo de la Rosa, ka nufi gadar Alcántara. Asalinta na Rumawa ne, an sake gina ta a zamanin Musulmi, an kuma gyara ta bayan haka. Ka tsaya a tsakiyarta. A bayanka ga sansanin San Servando a kan tudu, a gabanka ga garin ya miƙe tsaye, da fadar Alcázar a ƙololuwa. Daga nan ne za ka gane dalilin da ya sa kowane mai mulki ya so wannan wuri, kuma daga nan za ka gane babbar matsalarsa: ga ruwa a ƙasa, mutane kuwa suna can sama. Shekaru aru-aru 'yan ga-ruwa ne ke hawa da tuluna a bayan jakuna, gidaje kuma suna tara ruwan sama a rijiyoyin tsakar gida. A ƙarni na 16 wani injiniya ɗan Italiya, Juanelo Turriano, ya ƙera wata na'ura kusa da wannan gada wadda ƙarfin kogin ke juyawa, tana ɗaga ruwa kusan mita 100 zuwa fadar. Babu ita yanzu, amma in ka ɗaga kai ka auna tsawon da ido, za ka girmama mutumin.

Ka ƙetare, ka shiga ƙofar ganuwa da ke fuskantar gadar, ka kama matattakalar dutse. Hawa ne mai tsanani na minti 10 zuwa 15, kuma shi ne mafi wuya a duk wunin. Ka tafi a hankali, ka huta a inda numfashi ya nema. Za ka wuce gaban gidan tarihi na Santa Cruz, tsohon asibiti na farkon ƙarni na 16, sannan ka bi ta ƙarƙashin wata baka mai siffar kofaton doki da ake kira Arco de la Sangre, sai ga ka a Zocodover.

Mataki na biyu: ka ga garin daga sama kafin ka nutse a cikinsa

Zocodover shi ne cibiyar gari. A zamanin Musulmi nan ne kara, inda ake cinikin dawaki da jakuna da sauran dabbobi. Daga baya an yi wasan bijimai a nan, an kuma zartar da hukuncin kotun bincike ta coci a kan waɗanda aka zarga da ɓoye addininsu. Yau wurin haɗuwa ne da shan kofi. Ka riƙe shi a ranka a matsayin inda za ka koma in ka ɓata.

Daga kusurwar dandalin ka hau ɗan gajeren titi zuwa Alcázar, wuri mafi tsawo a garin. Ginin ya sha ƙonewa da rushewa. Na ƙarshe shi ne ƙawanyar da aka yi masa a 1936, a farkon yaƙin basasar Sifaniya, wadda ta bar shi kango kafin a sake gina shi. Yanzu gidan tarihin soja ne ke ciki, kuma yana da girman da zai cinye maka rabin wuni. In ba sha'awar kayan yaƙi ta kawo ka ba, ka bar shi. Abin da nake ba da shawara shi ne ɗakin karatu na yankin Castilla-La Mancha da ke hawa na sama. Ƙofarsa daban ce, shiga kyauta ne, akwai lif, akwai kuma wurin shan shayi a can ƙoli. Ta tagoginsa za ka ga rufin gidajen garin gaba ɗaya, da hasumiyar babban coci, da lanƙwasar kogi. Ka lura da inda hasumiyar take. Duk wunin nan ita ce alƙiblar tafiyarka. Ka tuna ɗalibai na karatu a wurin, ka rage murya.

Mataki na uku: masallacin da ya haura shekara dubu

Ka dawo Zocodover. Taron jama'a zai kwarara cikin titin Comercio, mai shaguna, zuwa babban coci. Kai ka bar su. Ka bi titin Sillería, ka shiga Alfileritos, ka gangara ta titin Cristo de la Luz. Gangara ce mai kaifi, za ka sake hawanta, amma a cikin ganuwa ita kaɗai ce inda na yarda a karya dokar wunin.

A ƙasanta akwai ƙaramin gini na jan bulo, masallacin Bab al-Mardum, wanda Sifaniyawa ke kira Cristo de la Luz. Kafin ka shiga, ka ja baya ka ɗaga kai. A saman fuskar ginin akwai rubutun Larabci na kufi, wanda ba a sassaƙa ba, da bulo aka jera shi. Ya fara da Bisimilla, ya ambaci Ahmad bin Hadidi a matsayin wanda ya gina masallacin da dukiyarsa yana neman lada, ya ambaci maginin, Musa bin Ali, ya kuma ba da kwanan wata: Muharram na shekarar 390 bayan Hijira, wato ƙarshen 999. Rubutun ya daɗe a binne ƙarƙashin yaɓe, sai a 1899 aka gano shi.

Ciki murabba'i ne da bai wuce mita 8 ko 9 ta kowane gefe ba. Ginshiƙai huɗu ne suka raba shi gida tara, kuma kowane gida da tasa ƙubbar. Kada ka leƙa ka fita kamar yadda mafi yawan mutane ke yi. Ka tsaya ƙarƙashin kowace ƙubba ɗaya bayan ɗaya, ka duba yadda haƙarƙarin ginin suka sarƙe. Babu biyu da suka yi kama. Ta tsakiya ta fi sauran tsawo, haske yana shigowa ta nan. Maginin ya ɗauko dabarar daga babban masallacin Kurɗuba ya ƙanƙanta ta ta dace da masallacin unguwa. Kawunan ginshiƙan kuma sun girmi masallacin, daga gine-ginen Bisigot aka ɗebo su. A ƙarni na 12, bayan an mai da wurin coci, aka ƙara masa wani sashe mai zagaye ta gabas. Ka fita waje ka zagaya ka nemi inda tsoho ya tsaya sabo ya fara. Da ƙyar za ka gane, don da irin bulon da irin bakar aka ci gaba. A gaban ƙofar, ƙarƙashin ƙafarka, ga shimfiɗar titin Rumawa da aka tono.

Wannan shi ne mabuɗin garin. Bayan 1085 Musulmi da yawa sun zauna ƙarƙashin mulkin Kirista, ana kiran su Mudéjar, kuma salon gininsu na bulo da farar ƙasa da katako shi aka ci gaba da yi wa coci da fada da wurin ibadar Yahudawa har ƙarnuka. Da zarar idonka ya kama shi a nan, za ka riƙa ganin sa ko'ina.

Ga mai karatu da ya tashi a kan littattafan Malikiyya, akwai wata dangantaka ta gaske. Andalus a kan mazhabar Imam Malik take, kuma ɗaya daga cikin malaman da suka kafa ta a can, Isa bin Dinar, wanda ya rasu a 212 bayan Hijira, mutumin Ɗulaiɗila ne. Fikihun da aka karantar a wannan ɗaki ba baƙo ba ne a zaurukan malamanmu. Sai dai ka sani yanzu wurin tarihi ne, ba a salla a ciki.

A nan ya kamata ka sayi abin ɗaurawa a hannu da suke kira pulsera turística. Tikiti ne guda da ke shigar da kai wurare bakwai: wannan masallaci, cocin Jesuitas, El Salvador, Santo Tomé, Santa María la Blanca, San Juan de los Reyes da makarantar Doncellas Nobles. In za ka shiga huɗu ko fiye, ya fi sauƙi. Babban coci ba ya ciki.

Daga lambun masallacin kana iya leƙa Puerta del Sol, ƙofar ganuwa ta ƙarni na 14. In kana da lokaci ka ƙara gangarawa zuwa Puerta de Bisagra, babbar ƙofar arewa mai tambarin gaggafa mai kai biyu, amma ka tuna kowane taku na ƙasa bashi ne.

Mataki na huɗu: lunguna

Ka hawo, ka karkata yamma zuwa unguwar gidajen mata masu zaman ibada, wajen Santo Domingo el Real da Santa Clara. A nan garin ya fi shiru. Za ka bi ta ƙarƙashin cobertizos, wato lungunan da aka gina ɗaki a samansu don a haɗa gini biyu, har hanya ta zama kamar rami mai duhu da sanyi. Za ka ga lunguna marasa ɓullewa, da dogayen bango marasa taga, da manyan ƙofofin katako masu ƙusoshi. Wanda ya san cikin birnin Kano ko Zariya zai gane tsarin nan take: gida yana juya wa titi baya, rayuwarsa tana tsakar gida, lungu kuma an matse shi ne don inuwa. In ka ga ƙofa a buɗe, ka leƙa daga bakin zaure, kada ka shiga. Mutane ne ke zaune a gidajen nan.

Za ka ɓata, kuma ba komai. Tsohon garin bai kai girman da za ka yi nisa ba. Ka nemi hasumiyar babban coci, ko ka tambayi wani. "Catedral" kawai za ka ce, a nuna maka. Motocin mazauna suna shiga wasu lungunan da ƙyar, in ka ji ƙara a bayanka ka raɓe a bakin ƙofa.

Ka nufi cocin San Román. An keɓe shi a 1221, yanzu gidan tarihin zamanin Bisigot ne. A cikinsa za ka ga bakuna masu ratsin ja da fari, da zanen waliyyan Kirista, da rubutun Larabci yana zagaye tagogi, duk a bango guda. Kusa da shi ga cocin Jesuitas, mai hasumiya biyu da ake hawa. Matattakalar ƙarfe ce mai yawa, amma daga sama za ka ga babban coci da Alcázar a jere.

Mataki na biyar: babban coci

Daga nan gangara ce. An fara gina cocin a 1226 a zamanin Sarki Fernando na Uku, a kan filin da babban masallacin Juma'a yake, aka kammala a 1493. Hasumiyarsa ta haura mita 90. Ka ware masa aƙalla awa ɗaya da rabi, ka sa tufafi masu mutunci, ka cire hula in an buƙata.

Ba za ka iya ganin komai ba, don haka ga abin da zan zaɓa. A ɗakin ajiyar kayan limamai akwai zane-zanen El Greco da na wasu manyan masu zane. A bayan babban bagadi akwai aikin da ake kira Transparente, wanda Narciso Tomé ya gama a 1732, inda aka huda rufin don haske ya sauko a kan sassaƙar marmara. Sai kujerun mawaƙa na katako a tsakiyar cocin. A jikin na ƙasa an sassaƙa yadda aka ci garuruwan Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ɗaya bayan ɗaya, kuma an fara aikin ne tun yaƙin bai ƙare ba. Musulmi zai ji nauyi a ƙirjinsa a gaban waɗannan kujeru. Ina ganin ya kamata ya tsaya ya duba duk da haka, don nan ne zai ga ganuwa da tufafi da makaman mutanen Andalus na ƙarshe kamar yadda wanda ya yi zamani da su ya gan su.

A inuwar wannan coci aka yi aikin da ya fi ɗaukaka sunan Toledo. A ƙarni na 12 da na 13 malamai Kirista da Yahudawa da masu jin Larabci sun zauna suna juya littattafan likitanci, lissafi, falsafa da ilimin taurari daga Larabci zuwa Latin, daga baya zuwa harshen masarautar Kastila, wato Sifaniyanci. Gerardo na Cremona ya zo daga Italiya, ya koyi Larabci, ya fassara littattafai da dama, ya rasu a nan a 1187. Ta wannan hanya ilimin Ibn Sina da lissafin taurari na Az-Zarƙali, wanda a Toledo ya yi aikinsa a ƙarni na 11, suka isa jami'o'in Turai.

Abinci da salla

Sifaniyawa ba sa cin abincin rana da wuri. Gidajen abinci suna fara bayarwa wajen ƙarfe 1:30, su tsaya wajen 4. Ka kauce wa waɗanda ke kan Zocodover da titin Comercio, ka shiga lungu biyu ko uku, ka nemi allon menú del día, wato abinci kashi biyu da abin zaƙi a kan farashi guda.

Wanda ba ya cin alade sai ya buɗe ido sosai. Carcamusas, abincin da garin ke alfahari da shi, naman alade ne. Migas ma da shi ake yi. Makwarwar da ake dafawa irin ta Toledo yawanci da giya ake dafa ta. Ka haddace kalmomin nan: cerdo, jamón, chorizo, tocino, manteca, duk alade ne ko kitsensa, vino kuma giya. Ko miyar wake da ganye akan jefa mata guntun jamón, don haka ka tambaya, kada ka dogara da ido. Abin da ya fi sauƙi shi ne kifi, ko tortilla de patatas ta ƙwai da dankalin Turawa, ko pisto na tumatir da tattasai da man zaitun, ko cukun tumaki na manchego. Alewar garin, mazapán, da almon da sukari ake yin ta, kuma matan gidajen ibada suna sayar da tasu ta wata 'yar taga. Sauran kayan fulawa kam ka tambaya, da yawa da kitsen alade ake murza su.

Ka duba lokutan salla tun kafin ka fito, don sun bambanta da na gida ƙwarai. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 10 na dare. Alƙibla tana gabas, da ɗan karkata zuwa kudu. Ka riƙe ƙaramar darduma; akwai lambuna da wurare masu natsuwa a bakin kogi da gefen ganuwa.

Mataki na shida: unguwar Yahudawa, gangara zuwa yamma

Daga babban coci ka bi titin Trinidad zuwa El Salvador. Shi ma masallaci ne a da, kuma hasumiyarsa ta kiran salla ce aka ɗora wa ƙararrawa. Minti 15 sun isa. Gaba kaɗan ga Santo Tomé, inda jama'a ke layi don ganin zane guda: jana'izar mai garin Orgaz, wanda El Greco ya yi tsakanin 1586 da 1588. Mutumin ɗan tsibirin Kirit ne, ya zo Toledo a 1577, ya zauna har rasuwarsa a 1614. Zanen ya kusa mita 5 a tsaye. In ka tarar da ayari, ka jira su fita, don ɗakin ƙarami ne. Da ka fito, ka dubi hasumiyar cocin: aikin Mudéjar ne tsantsa.

Sai wuraren ibadar Yahudawa guda biyu, kuma a nan ya kamata ka rage sauri. Na farko, El Tránsito, Samuel ha-Levi ne ya gina shi a tsakiyar ƙarni na 14, lokacin yana ma'ajin Sarki Pedro na Ɗaya. Daga waje ba shi da wani ado. A ciki kuwa bangon gabas ya cika da sassaƙar farar ƙasa, ga rubutun Ibrananci yana zagaye ɗakin, ga na Larabci a tsakani, ga rufin katako da aka sarƙa. Gidan tarihin Yahudawan Sifaniya yana haɗe da shi. Na biyu, Santa María la Blanca, ya girme shi da fiye da ƙarni guda. Fari ne fat, da layuka biyar da bakuna masu siffar kofato a kan ginshiƙai masu kusurwa takwas. Wanda aka rufe wa ido aka kawo shi nan zai rantse masallaci ne.

Za ka ga an rubuta "garin al'adu uku" a ko'ina, kuma akwai gaskiya a ciki. Bangon nan shaida ne. Amma ba daidai ba ne a tsaya a nan. A 1391 an auka wa wannan unguwa da kisa. A farkon ƙarni na 15 aka ƙwace Santa María la Blanca aka mai da shi coci. A 1492 aka kori Yahudawa daga ƙasar, a 1502 kuma aka tilasta wa Musulmin Kastila su bar addininsu ko su bar ƙasa. Wasu sun fita tun kafin nan. Zuriyar Kati ta Tambutu tana riƙe da tarihin cewa kakansu, Ali bin Ziyad, ya bar Toledo a wajajen 1468 da littattafansa, ya ƙetara Sahara ya zauna a Afirka ta Yamma.

Ka ci gaba da titin Reyes Católicos zuwa San Juan de los Reyes, wanda Sarauniya Isabel da Sarki Fernando suka sa aka gina bayan yaƙin Toro na 1476. Sarƙoƙin da ke rataye a bangon waje na fursunonin Kirista ne da aka 'yanto a yaƙe-yaƙen kudu. Ka shiga farfajiyar ciki mai hawa biyu, ka hau sama ka ga rufin katako. Wuri ne mai kyau na zama a huta ƙafa.

Wuraren da ke cikin tikitin hannu suna rufewa kafin ƙarfe 6 na yamma a lokacin sanyi, kafin 7 a lokacin zafi. Ka lissafa yadda za ka iso nan da sauran awa guda.

A hanya za ka wuce shagunan takubba da na damasquinado, wato ƙarfe baƙi da ake dasa wa zaren zinariya. Akwai na hannu, akwai na inji, kuma farashinsu ya yi nisa da juna. Ka nemi shagon da za ka ga maƙerin yana bugawa a gabanka, ka tambaya kai tsaye. Wuƙa ko takobi kuwa ba za su shiga jakar hannu a jirgin sama ba, ka yi tunanin haka kafin ka biya.

Mataki na ƙarshe: ƙetaren kogi

Daga San Juan de los Reyes ka gangara zuwa gadar San Martín, ta ƙarni na 14, mai bakuna biyar da hasumiyar tsaro a kowane baki. Ka ƙetare, ka yi hagu, ka bi titin da ya zagaye garin ta kudu a kan tsaunin da ke fuskantarsa. Akwai gefen masu tafiya da ƙafa. Hawa ne, amma a sannu, kuma bayan kamar minti 40 za ka isa Mirador del Valle, inda ake ganin Toledo gaba ɗayanta da kogin a ƙarƙashinta. Ka daidaita isowarka da awa ɗaya kafin faɗuwar rana. Daga nan kana iya bin hanyarka ta wuni da ido, gini bayan gini. Babu inuwa a wannan titi, saboda haka a watannin zafi kada ka kama shi kafin la'asar sakaliya. In ƙafa ta ƙi, bas mai lamba 71 yana zuwa can daga tsakiyar gari, ko ka ɗauki tasi.

In ka ci gaba da bin titin, zai gangaro da kai wajen gadar Alcántara, daga nan tashar jirgi tafiyar minti 10 ce ko kaɗan fiye. Ka san lokacin jirginka na ƙarshe, ka bar wa kanka aƙalla minti 50 daga Mirador zuwa tasha.

Wanda zai iya kwana, ya kwana. Ayarin masu zuwa daga Madrid suna cika garin daga ƙarfe 11 na safe zuwa 5 na yamma. Kafin nan da bayan nan titunan na mazauna ne, kuma da safe za ka samu damar ganin Santa Cruz da gidan tarihin El Greco da hanyar ƙafa ta bakin kogi. Wanda kuma awa huɗu kawai gare shi, ya hau ta matattakalar lantarki, ya je masallacin Bab al-Mardum, ya bi ta lungunan Santo Domingo zuwa babban coci, ya ga El Tránsito da Santa María la Blanca, sannan ya ɗauki tasi daga unguwar zuwa tasha, ya roƙi direban ya bi ta Mirador del Valle ya tsaya masa minti biyar.